Zaren azurfa a kwalba ake tsirar da shi

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Na karanta bayanin da kuka buga a shafinku na kimiyya kan allon taɓawa mai lanƙwasuwa, na kuma ji daɗi ƙwarai da aka ba irin wannan batu fili a jaridar Hausa. Sai dai jimla ɗaya ta tsaya mini a rai, inda marubucin ya ce siraran zaruruwan azurfar da ake shimfiɗawa a irin wannan allo manyan injuna ne ke yanko su daga gundumen ƙarfe. Ba haka ake yi ba. Ni malamin ilimin sinadarai ne, na daɗe ina tsayawa a ɗakin gwaji tare da ɗalibai masu fafutukar haɗa waɗannan abubuwa, shi ya sa na ga bai kamata in yi shiru ba. Hanyar sassaƙa tana nan, ita ake bi wajen ƙera ƙwaƙwalwar kwamfuta, inda ake zana tsari da haske sannan a sa sinadari ya cinye wurin da ba a so. Amma zaren azurfa a cikin ruwa ake tsirar da shi, a kwalbar gilashi da mutum zai riƙe da hannu ɗaya, atam yana hawa kan atam har zare ya miƙe.

Bari mai karatu ya fara sanin girman abin da muke magana a kai. Nanomita ɗaya kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita. Kaurin silin gashin mutum yakan kai nanomita 80,000 ko kusa da haka. Zaren azurfar da ake haɗawa kuwa kaurinsa tsakanin nanomita 30 ne zuwa 100, tsawonsa kuma yakan ninka kaurin sau ɗari, mai kyau ma har sau dubu. Lissafin da nake sa ɗalibaina su yi da hannunsu shi ne wannan: a ɗauki giram ɗaya na azurfa, a mayar da shi zare mai kaurin nanomita 50, a jera guntayen baki da baki. Tsawon zai haura kilomita 48,000, alhali kewayen duniya gaba ɗaya kilomita 40,000 ne da 'yan kai. Duk wanda ya san nauyin azurfa da lissafin faɗin da'ira zai iya gwadawa. Wannan ne dalilin da ya sa 'yar azurfa kaɗan ke isar babban allo ta ɗauki lantarki, haske kuma ya ratsa ta ramukan da ke tsakanin zaruruwan kamar babu komai a wurin.

Narkar da gishirin ƙarfe a ruwa sannan a dawo da ƙarfen a matsayin ƙananan ƙwayoyi tsohon aiki ne. A 1857 Michael Faraday ya yi shi a Landan, ya sa sinadarin fosfaras a ruwan gishirin zinare, ruwan ya koma ja. Ya ce zinare ne da kansa ya rarrabu ƙanana ƙwarai har ido ba ya ganinsa, kuma ya yi gaskiya, ko da yake a zamaninsa babu na'urar da za ta nuna masa. Kwalabensa suna nan a cibiyar Royal Institution har yau. A 1951 John Turkevich da abokan aikinsa suka fito da hanya mai sauƙi, a tafasa ruwan gishirin zinare a zuba sitiret, wato gishirin asid ɗin da ke cikin lemon tsami, a sami ƙwayoyi masu kimanin nanomita 20. Jan layin nan da ke fitowa a tsinken gwajin ciki ko na zazzaɓin cizon sauro, galibi irin waɗannan ƙwayoyin zinare ne suka taru a wurin.

To amma duk waɗannan mulmulallu ne, kuma mulmulalle ba ya da wuyar samu. Ƙarfe idan an bar shi da halinsa dunƙulewa yake yi, domin dunƙule shi ne siffar da ta fi ƙarancin fili a waje, atam kuma ba ya son zama a waje. Sa shi ya yi tsawo ta gefe ɗaya ya ƙi yin ƙiba tilasta masa ne a kan abin da ba ya so. A nan gizo ke saƙar.

Hanyar da aka fi bi wajen azurfa ta samo asali daga aikin Fernand Fiévet da abokansa a Faransa, waɗanda suka nuna a 1989 cewa ruwan etilin gilaikol mai zafi yana iya dawo da ƙarfe daga gishirinsa. Shi ne ruwan da ake zubawa a lagireton mota a ƙasashen sanyi don kada ya daskare. A 2002 Younan Xia da Yugang Sun, a Jami'ar Washington da ke Amurka, suka gano yadda za a sa wannan hanya ta ba da zare maimakon gari. Ana ɗora kwalbar etilin gilaikol a cikin mai mai zafin digiri 150 zuwa 160 na salshiyas, ƙasa da inda etilin gilaikol ke tafasa, wato kusan digiri 197. A wannan zafi, da taimakon iskar da ke cikin kwalbar, wani kaso na ruwan yakan rikiɗa ya zama sinadarin da ke miƙa wa azurfa ilektiron ɗin da ta rasa. Sai a riƙa ɗiga naitiret na azurfa, wato gishirin azurfar, a hankali, tare da wani sinadari mai dogon jiki kamar sarƙa da ake kira PVP. Ruwan yakan fara yin rawaya, ya yi ja-ja, ya yi kore-kore, daga baya ya zama toka mai ƙyalli. Idan aka girgiza kwalbar aka ga wasu layuka masu sheƙi suna yawo suna murɗewa a ciki, mai aikin yakan ji sanyi a ransa, domin dogayen abubuwa ne kawai ke jeruwa haka a cikin ruwa mai juyawa.

Abin da ke faruwa a ciki ya fi launin ban sha'awa, kuma shi nake so a fahimta. Atam na farko da suka fito sukan haɗu su zama 'yan ƙwayoyi, masu aikin suna ce musu iri. Irin ba duka ɗaya ba ne. Akwai wanda jerin atam ɗinsa ya tafi sumul daga gefe zuwa gefe, akwai kuma wanda yanki biyar ne suka haɗu a kan layi ɗaya na tsakiya. Wannan na biyun shi ne uban zare. Kowane yanki kusurwarsa digiri 70.5 ce, biyar ɗin suka tashi 352 da rabi, da'ira kuwa 360 take buƙata. Saura wajen digiri 7 da rabi da ba wanda zai cike, dole atam su ɗan miƙe su rufe giɓin. Duk lokacin da ƙwayar ta ƙara faɗi, wannan takura ƙaruwa take yi, amma idan ta ƙara tsawo ba abin da ya canja. Ga kuma PVP, wanda ke manne wa gefuna da ƙarfi fiye da yadda yake manne wa baki biyun. Sabuwar azurfa ta zo, ta tarar gefe a rufe, baki a buɗe, sai ta sauka a baki. Haka za a yi ta yi har a sami abu mai siffar fensir, sai dai gefensa biyar ne, bakinsa kuma a feƙe gaba da baya.

Na sha jin ɗalibi yana cewa ya bi takarda layi-layi amma gari ya samu, ko kuma 'yan ƙananan murabba'ai masu fuska shida. Ruwa ba ya tsami banza. Irin nan mai yanki biyar yana da rauni a mahaɗarsa, kuma idan oksijin ya haɗu da kilorayid a cikin kwalbar, nan suke fara ci. Su narkar da shi tun yana ƙarami, su bar mai jeri sumul, wanda shi kuma murabba'i yake zama. Rukunin Xia ne suka bi diddigin wannan, suka nuna cewa ɗan burbushin baƙin ƙarfe ko na jan ƙarfe a cikin ruwan yana kwashe oksijin daga jikin irin ya tsira. A 2008 suka buga hanyar da ake sa ɗigon kilorayid na jan ƙarfe, wadda ɗakunan gwaji da yawa ke bi yanzu. Abin mamakin shi ne kilorayid ɗin da ke iya kashe iri shi ne kuma ke taimakon zare, idan an sa shi daidai gwargwado: yakan kama wani kaso na azurfar ya riƙe, ya riƙa sakinta sannu a hankali, kada ta fito gaba ɗaya ta haifi sababbin ƙwayoyi barkatai. Ƙara ɗan buromayid a kai yana sirantar da zaren har zuwa wajen nanomita 20. A ganina rabin gwanintar wannan aiki hana sinadarai sauri ne. Duk wanda ya zuba komai a lokaci guda, ko ya murɗa majuyi da ƙarfi don ya gama da wuri, laka zai kwashe.

Zinare ma haka yake, sai dai a ruwa zalla ake yinsa, kuma ba a buƙatar wuta sosai. A 2001 Catherine Murphy da Nikhil Jana da Latha Gearheart, a Jami'ar Karolina ta Kudu, suka raba aikin gida biyu. A kwalba ta farko ana yin iri da sinadari mai ƙarfi, wanda ke fitar da zinaren nan take ya ba da ƙwayoyi masu nanomita uku zuwa huɗu. A kwalba ta biyu akwai gishirin zinare, da wani sinadari dangin sabulu mai suna CTAB, da bitamin C. Bitamin C ba shi da ƙarfin da zai kai zinaren ƙarshe shi kaɗai. Rabin hanya yake kai shi ya tsaya, shi ya sa ruwan ke tashi daga ruwan lemo ya koma fari tas, ya zauna yana jira. Da an ɗiga iri daga kwalbar farko, sai zinaren ya sami wurin sauka, kuma a kan irin kaɗai yake sauka, har ya miƙe ya zama 'yan sanduna. A 2003 Babak Nikoobakht da Mostafa El-Sayed a jihar Jojiya ta Amurka suka gyara hanyar, suka nuna cewa yawan naitiret na azurfa da aka ƙara shi ke ƙayyade tsawon sandunan. Launin ruwan kansa yakan bi tsawon. Sanda tana shan haske a wuri biyu, ɗaya a wajen koren haske, wanda tsawon zangonsa ke kusa da nanomita 520, ɗayan kuma yana matsawa can bayan ja gwargwadon tsawonta, har ya kai irin hasken da ke iya ratsa naman jiki. Wannan ya sa masu binciken ciwon daji suke gwada ko za a kai sandunan cikin ƙari a haska su su yi zafi. Bincike ne dai, kada wani ya ɗauka magani ne da ke kan kanta.

Labarin CTAB shi ne wanda nake so kowane ɗan jarida mai rubutu kan kimiyya ya sani. An yi shekaru wasu ɗakunan gwaji suna samun sanduna, wasu kuma suna bin takarda ɗaya suna samun mulmulallu. Danielle Smith da Brian Korgel a Jami'ar Teksas suka gwada CTAB na kamfanoni daban-daban, suka buga a 2008 cewa wasu kwalaben suna ba da sanda wasu ba sa bayarwa, alhali rubutun da ke jikinsu iri ɗaya ne. Daga baya suka gano mai laifin: ɗan ayodayid da ya saura a cikin garin, ƙanƙani ƙwarai, a ma'aunin kashi cikin miliyan. Ya manne a bakin da zinare zai sauka ya toshe shi. Saboda irin wannan ne muke wanke kwalabe da sandar juyi da haɗin asid ɗin nan mai narkar da zinare, kashi uku na haidirokilorik da kashi ɗaya na naitirik, sannan mu ɗauraye da ruwan da aka tace sau da yawa. Ƙwaya ɗaya ta ƙarfe da ta maƙale daga aikin jiya iri ce da ba a gayyata ba. Har zafin ɗakin yana da ta cewa, domin CTAB daskarewa yake yi ya fita daga ruwa idan sanyi ya sauka ƙasa da kimanin digiri 25.

Akwai wata hanya ta daban ga wanda yake son zaruruwa a tsaye, a jere, masu kauri ɗaya. Ana sa farantin alminiyam a ruwan asid a ba shi lantarki, sai ya yi ɓawo mai ramuka sirara masu zurfi. Hideki Masuda da Kenji Fukuda a Japan suka nuna a 1995 yadda ramukan za su jeru tsaf, da asid ɗin oksalik a kan bolt 40. Sai a cika ramukan da ƙarfe ta hanyar shafe na lantarki, daga ƙasa zuwa sama, a narkar da ɓawon da soda mai ƙuna, zaruruwa su rage. Faɗin rami shi ne kaurin zare, yawan lantarkin da aka tura shi ne tsawonsa, kuma idan ana canja ruwan gishirin ana iya samun zare ɗaya mai ɗauke da zinare da azurfa gaɓa-gaɓa. Hanya ce mai tsabta, amma abin da faranti ɗaya ke bayarwa kaɗan ne, ba ta masana'anta ba ce.

Dalilin duk wannan wahala kuwa shi ne abin da ake shafa wa yawancin allunan yau, haɗin indiyam da kuza da oksijin. Yana ɗaukar lantarki, haske yana ratsa shi, amma tsagewa yake yi idan aka lanƙwasa, kuma sai a cikin injin da aka zuƙe wa iska ake fesa shi. Zaren azurfa kuwa ana zuba shi a ruwa a shafa a kan leda, ya lanƙwasu ba tare da ya karye ba. Ba zan ɓoye aibinsa ba. PVP ɗin da ya taimaka wajen tsiro, idan ba a wanke shi sosai ba, shi ne zai tsaya tsakanin zare da zare ya hana lantarki wucewa. Ana ɗan gasa shimfiɗar don mahaɗun su manne, amma idan zafin ya wuce kima sai zaren ya tsinke ya koma jerin 'yan ɗigo, tun a digiri ɗari biyu da wani abu, alhali gundumen azurfa sai a digiri 962 yake narkewa. Farar wutar da ke cikin iska ma tana baƙanta shi, yadda take baƙanta kowace azurfa, kuma abin da kaurinsa bai wuce nanomita 50 ba ba shi da naman da zai bayar.

Jan ƙarfe ya fi azurfa yawa a ƙasa kusan ninki dubu, kuma wajen ɗaukar lantarki kashi shida cikin ɗari kawai ta fi shi. Tun 2005 rukunin Hua Chun Zeng a Singafo suka tsirar da zarensa a ruwan soda mai kauri da haidirazin, Benjamin Wiley a Jami'ar Duke ya faɗaɗa aikin a 2010, wasu kuma suka maye gurbin haidirazin da gulukos. Matsalarsa tsatsa ce. Shimfiɗar da ke aiki yau takan daina bayan ɗan lokaci idan ba a lulluɓe zaren da nikel ko wani abin kariya ba, lulluɓin kuma yana rage hasken da ke ratsawa. Ni dai a nan nake ganin matashin da ke neman abin bincike ya kamata ya sa ƙarfinsa.

Malam Edita, ga abin da ya fi damuna. Yanzu an cika jin labarin wani ya zuba ruwan ganye a gishirin azurfa, ruwan ya koma ruwan ƙasa, sai a buga cewa ya ƙirƙiro fasahar nano. Ban raina wannan ƙoƙari ba. Gaskiya ne ganye yana da sinadaran da ke dawo da azurfa daga gishirinta, kuma neman hanyar da ba ta da guba abin yabo ne. Amma canjin launi ba ya faɗin siffa, ba ya faɗin ko ƙwayoyin girmansu ɗaya. Na'urar auna haske ma idan zanen da ta fitar ya nuna tudu a tsawon zangon haske na kusa da nanomita 400, iyakar abin da ta ce shi ne akwai ƙananan ƙwayoyin azurfa a ciki. Zare alamarsa daban ce, tudu biyu a wajen 350 da 380. Kuma idan ɗan ayodayid da ba ya ganuwa ya isa ya ɓata aikin ƙwararru, yaya ruwan ganye, wanda ɗaruruwan sinadarai ne a cakuɗe, kuma na wannan bishiya ba ya zama daidai da na waccan? Gani ya kori ji. Ina roƙon wakilanku, duk wanda ya kawo musu irin wannan labari, su nemi hoton madubin ilektiron, wato na'urar da ke girmama ƙwayoyin har a ga siffarsu, mai ɗauke da layin ma'auni a ƙasansa, kuma hoton fili mai faɗi, ba kusurwa ɗaya da aka zaɓa don ta yi kyau ba. Su tambaye shi ƙwaya nawa ya auna, kuma da ya maimaita da sabuwar kwalba ko abu ɗaya ya samu. Mai aikin ƙwarai ba ya jin haushin waɗannan tambayoyi, murna yake yi an yi masa su. Ɗalibin da aka yaba wa kan launi kawai an cuce shi, domin ranar da zai tsaya gaban waɗanda suka san aikin, hoton za su fara nema.

Don na ce a kwalba ake yi, kada wani ya ɗauka aikin ɗakin kwana ne. Etilin gilaikol yana da ɗan zaƙi kuma yana lalata ƙoda idan aka sha. Haidirazin guba ne mai tsanani, ba a buɗe shi sai a akwatin da ke zuƙe tururi. Naitiret na azurfa yana ƙona fata ya bar baƙin tabo, CTAB yana kashe ƙwayoyin halittar jiki, haɗin asid ɗin wanke kwalabe kuwa ba a rufe shi da murfi domin iskar da yake fitarwa tana iya fasa kwalba. Ragowar ruwan aikin ma ba a zubar da shi a magudana, saboda azurfar da ta narke tana kashe kifi da ƙananan halittun ruwa ko da kaɗan ce. Abin da muke yi shi ne mu tara shi a kwalba ta musamman, mu zuba ruwan gishiri har farin gari ya daina sauka, mu tace garin mu adana shi a wuri mai duhu. Kilorayid na azurfa ne, kuma ana iya dawo da ƙarfen daga jikinsa a sake amfani da shi. Ruwan da ya rage kuma a miƙa shi ga masu kula da sharar sinadarai.

Na gode da filin da kuka ba ni. Allah ya ƙara wa jaridar ɗaukaka.

Naku,
Wani malamin ilimin sinadarai